Lynx: Tsohuwar Burauzar Da Ta Ga Bayan Netscape Da Internet Explorer

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari murya ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu. Abin ma ya zo daidai, don maganarmu ta yau a kan rubutu zalla take.

Bari in fara da tambaya. Burauzar da kake shiga intanet da ita, shekararta nawa? Idan Chrome ce, a 2008 ta fito. Idan Firefox ce, 2004. To akwai wata da ta girme su duka, an fara ta tun 1992, kuma har yau ana gyara ta ana fitar da sabon zubi. Sunanta Lynx. Ba ta nuna hoto, ba ta kunna bidiyo, ba a danna ta da linzamin kwamfuta. Rubutu ne kawai a kan baƙin allo, sai ka riƙa yawo da maɓallan kibiya. Ita ce burauza mafi tsufa da har yanzu ake kula da ita, kuma babu wani kamfani da ya mallake ta. 'Yan sa-kai ne suke riƙe da ita.

Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da tsohon kaya? Ku ɗan yi haƙuri ku biyo ni. Abin da nake so mu gano a yau shi ne dalilin da ya sa wannan 'yar ƙaramar manhaja ta rayu, alhali waɗanda aka kashe wa biliyoyin daloli sun mutu an binne.

Mu koma farko. A 1989 wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Jeniba a Suwizalan, ya kawo shawarar a samar da hanyar da takardu za su riƙa haɗuwa da juna, ka taɓa kalma a wannan takarda ta kai ka waccan. Daga nan aka sami abin da muke kira yanar gizo. A 1990 ya rubuta burauza ta farko, amma matsalarta ita ce a kan kwamfutar NeXT kaɗai take aiki, kwamfuta mai tsada da mutane ƙalilan suke da ita. Don haka aka sa wata ɗaliba mai suna Nicola Pellow, wadda ta zo CERN sanin makamar aiki, ta rubuta wata mai sauƙi da za ta yi aiki a kan kusan kowace na'ura. Tata rubutu ce kawai, kowane mahaɗi an ba shi lamba, ka buga lambar ta kai ka. Kun ga ke nan tun ranar farko tambayar da ake yi ita ce: wanda ba shi da na'ura mai tsada fa, ta ina zai shiga?

Sai ku gane yadda kwamfuta take a jami'o'i a wancan lokacin. Yawancin ɗalibai ba su da tasu. Babbar kwamfuta ɗaya ce a wani ɗaki, sai a jawo wayoyi zuwa alluna masu kibod, waɗanda ba su iya komai ba sai nuna haruffa. Shahararre a cikinsu shi ne VT100, wanda yake nuna layi 24, kowane layi harafi 80. Wanda kuma yake haɗawa daga gida, ta layin tarho yake bi, kuma na'ura mai sauri a lokacin ita ce mai ɗaukar bit 14,400 a daƙiƙa ɗaya, wato ƙasa da kilobait 2. Ku riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

A irin wannan yanayin ne, a Jami'ar Kansas da ke garin Lawrence a Amurka, mutum uku suka haɗu: Michael Grobe, Charles Rezac, da wani ɗalibi mai suna Lou Montulli. Su ba duniya suka yi niyyar girgizawa ba. Buƙatarsu ƙarama ce: a sami hanyar da ɗalibai da malamai za su riƙa duba bayanan jami'a daga waɗancan allunan. Suka rubuta manhajar a 1992, suka sa mata suna Lynx. Sunan wata kyanwar daji ce mai gajeriyar jela da ake samu a ƙasashe masu sanyi, kuma furucinsa ɗaya da kalmar Turanci da ke nufin mahaɗan shafi. Da farko ma ba yanar gizo take buɗewa ba. Bayanan cikin jami'a take nunawa, da kuma wani tsari da ake kira Gopher, wanda Jami'ar Minnesota ta fitar a 1991. Sai a 1993 Montulli ya ƙara mata ikon shiga yanar gizo, aka fitar da zubi na 2.0.

Wannan shekara ta 1993 tana da muhimmanci, don abubuwa uku suka faru a cikinta. Na farko, a watan Fabrairu Jami'ar Minnesota ta ce za ta fara karɓar kuɗin lasisi a kan manhajarta ta Gopher, mutane suka fara ja da baya. Na biyu, ranar 30 ga Afrilu CERN ta saki fasahar yanar gizo kyauta ga kowa, babu ko sisi. Ku duba da kyau: ɗaya ya sa wa ƙofarsa kwaɗo, ɗaya ya cire ƙyauren gaba ɗaya. Yau wa yake maganar Gopher? Na uku kuma, a Jami'ar Illinois aka fitar da Mosaic, wadda Marc Andreessen da Eric Bina suka rubuta, ita ce ta yaɗa sa hoto a tsakiyar rubutu. Daga nan idon duniya ya koma kan hoto.

Kowa ya ɗauka Lynx ta gama yawo. Shi kansa Montulli a 1994 ya tattara ya tafi Kalifoniya, ya zama ɗaya daga cikin injiniyoyin farko na kamfanin Netscape. Ga wani abin mamaki: a can ne ya ƙirƙiro kukis, wato ɗan bayanin da shafi yake ajiyewa a na'urarka don ya gane ka idan ka dawo. Duk lokacin da ka buɗe shafi ya tare ka da tambayar ko ka amince da kukis, to daga hannun wannan mutumin abin ya fito. Mutum ɗaya ne ya sa hannu a burauzar da ta fi kowace sauƙi, kuma shi ya ƙera abin da daga baya kamfanonin talla suka mayar igiyar bin sawun mutane. Allah mai iko.

To da masu ita suka watse, me ya hana Lynx mutuwa? A nan labarin yake. A 1995 aka sake ta a ƙarƙashin lasisin GPL. Ma'anar wannan lasisin a taƙaice: kowa yana da izinin ya ɗauki asalin rubutun manhajar, ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu, da sharaɗin in ya raba gyararriyar, dole shi ma ya bar tasa a buɗe. Babu mai ɗauka ya kulle a ɗakinsa ya ce tasa ce. Sai mutane daga wurare daban-daban suka riƙa karɓa hannu da hannu. Garrett Blythe ya yi wadda take aiki a kan DOS a 1994. Foteos Macrides ya yi aiki sosai wajen mayar da ita kan tsarin VMS, kuma ya riƙe ta na wani lokaci. Daga baya jagorancin ya dawo hannun Thomas Dickey, wanda yake riƙe da ita tare da sauran 'yan sa-kai shekara da shekaru. Shi ne kuma mai kula da ncurses da xterm, manhajojin da masu amfani da Linux suke taɓawa kullum ba tare da sun san sunan mai gyara su ba.

Yanzu mu duba manyan. Mosaic, wadda ta kawo hoto, an daina gyara ta a 1997. Netscape ta shiga kasuwar hannun jari a 1995 da kiɗa da rawa, a 1998 kamfanin AOL ya sanar da sayen ta a kan kuɗi sama da dala biliyan 4, amma a 2008 aka ja mata layi. Internet Explorer ta Microsoft ta fito a 1995, ta danne Netscape, ta mamaye kasuwa har ana ganin ita ce intanet ɗin, sai ga shi a watan Yunin 2022 an yi mata ritaya. Ita kuwa Lynx a watan Janairun 2024 ta fitar da zubi na 2.9.0. Sannu ba ta hana zuwa.

Don kada a ce na yi son kai, akwai abin da ya tsira daga Netscape. A 1998 kamfanin ya buɗe asalin rubutun burauzarsa ga jama'a, aka kafa aikin Mozilla, wanda ya haifi Firefox. Amma ku lura, wannan ma hujjata ce. Abin da aka kulle ya mutu tare da kamfanin, abin da aka buɗe wa jama'a shi ne ya yi 'ya'ya.

To yaya Lynx take idan ka buɗe ta? Za ka ga rubutun shafin ne a jere, mahaɗai an bambanta su da launi. Kibiyar ƙasa da ta sama suna kai ka daga wannan mahaɗi zuwa wancan. Kibiyar dama ta shigar da kai, ta hagu ta dawo da kai baya. Harafin g shi ne na rubuta adireshin inda kake son zuwa, q kuma na fita. Inda hoto yake, sai ta nuna maka bayanin da mai shafin ya rubuta game da hoton, in ya rubuta. In shafi yana so ya ajiye maka kukis, sai ta tsaya ta tambaye ka: a karɓa ko a ƙi? Kuma ba ta aiki da JavaScript, wato yaren da shafukan zamani suke amfani da shi wajen motsi da ado. Wannan ya sa yawancin tallace-tallace masu tsalle da na'urorin leƙen asirin da ake ɓoyewa a shafi ba sa ma tashi.

Mu dawo kan lissafin da na ce ku riƙe. A rubutu zalla, kowane harafi bait ɗaya yake ci, haruffanmu masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kuma bait biyu-biyu. Wannan rubutun da kake karantawa gaba ɗayansa bai wuce kilobait 12 ko 13 ba. Amma matsakaicin shafin yanar gizo a yau ya haura megabait 2. Wato da datar da za ka buɗe shafi ɗaya, za ka iya karanta rubutu irin wannan fiye da 150. Da a ce ɗalibin Kansas na 1992 zai buɗe shafin yau da waccan na'urar tasa, sai ya jira kusan minti 20. Tambayar ita ce, duk wannan nauyin na mene ne? Sau da yawa labarin da ka zo karantawa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kayan. Sauran hotuna ne, da talla, da bidiyon da ba ka ce a kunna ba. Kuma kai ne mai biyan kuɗin dakon.

Mu nan ai ba sai an yi mana bayani ba. Mu da muka taso da Opera Mini don tana matse shafi, muka san hawa kan katanga neman sabis, muka ga yadda a watan Janairun 2025 aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Najeriya. Matsalar da Nicola Pellow da 'yan Kansas suka zauna suka warware, ta mai ƙaramar na'ura da layi mai rauni, mu har yau a cikinta muke.

Akwai kuma waɗanda Lynx ta yi wa rana fiye da kowa, su ne makafi. Na'urar da take karanta wa makaho rubutu da murya, ko wadda take mayar da shi ɗigo-ɗigon Braille ya shafa da yatsa, rubutu take buƙata. Shi ya sa makafi da yawa suka daɗe suna amfani da Lynx, kuma masu gina shafuka suke gwada aikinsu da ita. In shafinka ya karantu a Lynx, ka kama hanya. In ka buɗe ka ga wayam, to ka san akwai mutanen da ka rufe wa ƙofa.

Ni na gwada da kaina a wata tsohuwar laftof. Wikipedia ta Hausa ta buɗe nan take, kamar ƙiftawar ido. Na shiga text.npr.org da lite.cnn.com, waɗanda kafafen labarai biyu na Amurka suka tanada da rubutu zalla, su ma tsaf. Sai na ce bari in duba shafin wata makaranta da ƙanwata take neman gurbi. Wallahi babu komai. Sanarwar ranar rufe rajista gaba ɗaya hoto ce, an ɗauki takarda da waya an ɗora, ba ko layi ɗaya na bayani. Na yi shiru ina tunani: yarinyar da ba ta gani, ko yaron da yake ƙauye da sabis sanda ɗaya, ta yaya za su san ranar? Kuma ba makarantu kaɗai ba, har mu 'yan gwagwarmaya. Sanarwar taro, hoto. Bayanin haƙƙin masu zaɓe, hoto. Muna cewa muna yi don talaka, amma mun sa saƙon a cikin abin da ya fi tsadar saukewa.

Kada in yaudare ku, Lynx ba za ta maye muku gurbin Chrome ba. Ba za ka kalli YouTube da ita ba, ba za ka yi hira a TikTok ba, kuma shafukan banki da yawa ba za su buɗe ba. Tun farkon 2025 ma binciken Google ya koma sai da JavaScript, don haka masu Lynx suka karkata zuwa irin su lite.duckduckgo.com. Kullum yanar gizo ƙara yi mata ƙunci take yi. Ba kuma ita kaɗai ce a fagen ba, akwai w3m da Akinori Ito ya fara a Japan, akwai Links da ta fito daga Jamhuriyar Cek, da ELinks da ta tsiro daga gare ta.

Shi kansa aikin sa-kai yana da nasa haɗarin. A watan Maris na 2024 aka gano an dasa ƙofar sata a cikin wata manhaja mai suna xz, wadda kwamfutocin Linux da yawa suke dogara da ita. Me ya jawo? Mutum ɗaya ne yake riƙe da ita shekaru, ya gaji, sai wani ya zo da fuskar taimako, ya yi ta aiki har aka yarda da shi, sannan ya dasa mugun abu. Allah ya sa wani injiniya, Andres Freund, ya lura da wuri. Darasin a fili yake: idan kowa yana ɗiban ruwa amma mutum ɗaya ne mai yasar rijiya, wata rana za a wayi gari a ga abin da ba a so.

Ga mai son gwadawa, abin ba wuya. In kana da Linux irin Ubuntu, ka rubuta sudo apt install lynx. In wayar Android ce, ka sauke Termux, a ciki ka rubuta pkg install lynx, sannan lynx ha.wikipedia.org. In ka ga ƙ da ɗ sun fito a hargitse, danna o ka shiga saituna, ka mayar da tsarin haruffan allo zuwa UTF-8. In ka rikice, danna h, littafin jagora zai buɗe. Gidan manhajar yana lynx.invisible-island.net, a can ake samun sabon zubi da jagorar masu amfani da asalin rubutunta. Amma abin da na fi so ku leƙa shi ne fayil ɗin da ake kira CHANGES. Doguwar takarda ce da take lissafa gyare-gyaren da aka yi shekara bayan shekara, tare da ambaton wanda ya gano matsala ko ya kawo gyara. Babu hoton kowa, babu yankan ribbon, babu kirari. Aikin gayya ne a rubuce.

Shi ya sa na zaɓi wannan labarin. Mu matasa muna son ƙaddamarwa. Sabuwar ƙungiya, sabon shafi, sabuwar manhaja, a buga riguna a ɗauki hoto. Bayan wata shida ka koma, shafin ya mutu, wanda yake da lambar sirrin ya canza layi, kowa ya kama gabansa. Kamar burtsatsen unguwa ne: ranar buɗewa har da maroƙa, ranar da famfo ya lalace ba ka ganin kowa. Hausawa sun riga sun faɗa, da sabon gini gara yaɓe. Mutum ukun da suka fara Lynx sun yi abin a yaba, amma shekarun da suka yi a kanta kaɗan ne. Waɗanda suka sa ta haura shekara 30 su ne masu yaɓen, waɗanda suka zauna suna toshe ƙananan ɓaraka ba tare da an biya su ba, kuma sun iya yin haka ne saboda an bar ƙofar a buɗe tun 1995.

Don haka ga aikin gida, guda uku. Na ɗaya, duk sanarwar da za ka ɗora a matsayin hoto, ka rubuta abin da ke ciki a ƙasa, ka kuma cike gurbin bayanin hoto da Facebook da X suka tanada. Na biyu, in kana gina wa makaranta ko ƙungiya shafi, buɗe shi a Lynx kafin ka miƙa aiki, ka ga abin da ya rage in an cire ado. Na uku, kafin ka fara sabon abu, duba ko akwai tsohon da yake neman mai riƙewa. Maƙala ce a Wikipedia ta Hausa da take buƙatar gyara, ko fassarar wata manhaja da aka bari rabi, ko ma ɗakin karatun unguwarku. Kuma duk abin da kuka gina, ku rubuta yadda yake aiki, ku bar makullin a hannun mutum fiye da ɗaya.

Wanda ya gwada Lynx ya faɗa mana shafin da ya buɗe masa da wanda ya ƙi, musamman shafukanmu na gida. Ku tura wa wanda kuka san yana gina shafuka. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.